Shekarar da Shanun Khalid Ba Su Kwana a Gonarmu Ba

Tasawa, 9 ga Disamba

Zuwa ga yayana Sanda, a Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na gini. Yaya sanyin can? Inna tana gaishe ka. Ƙafar ta yi sauƙi, har kasuwar Urafane ta je da kanta. Matarka Rahina da yara duk lafiya lau. Na rubuto da hannu na ba Rayyanu direba, don saƙon murya a tashar nan ba sirri ba ne, kafin mutum ya rufe baki masu shayi sun haddace.

Yaya, ka taya mu murna, ci gaba ya iso. Bai sauka Yamai ba, bai sauka Maraɗi ba, bayan garinmu ya zaɓa, kan hanyar da ke fita Mayahi, a faƙon nan da ko akuya ba ta tsayawa. Wasu masu ilimi sun duba duniya kaf, suka gano babbar matsalar talakan ƙasar Tasawa ita ce bai iya dafa iska ba, suka taso takanas su koya mana. Allah ya saka musu da alheri. Ni da na shekara goma sha ɗaya a bakin kwalta ina sayar da esansi, man fetur, a kwalabe, ina shaƙar warinsa har tuwo ya daina yi mini ɗanɗano, ashe wahalar banza nake sha. Man yana nan yana yawo bisa kaina.

Bari in faɗa maka yadda abin yake, kamar yadda shugabar wurin ta bayyana mini. Sunanta Madam Nabila, injiniya ce, ƴar ƙasa, sai dai Hausarta ta Yamai ce, tana ɗingishi. Sun shimfiɗa allunan sola sahu-sahu, sun haƙa foraj, rijiyar burtsatse. Wutar allunan tana shiga wani akwati ta raba ruwan ya koma iska iri biyu. Ɗaya su sake ta ta tafi, ɗayar kuwa, wadda suke kira idirojan, su matse ta cikin wasu dogayen tulunan ƙarfe guda shida. Wai rumbun rana ke nan: abin da rana ta bayar yau a ɗure shi don ranar da hadari ya rufe ta. Iskar ba launi, ba wari, ba nauyi. Na ƙwanƙwasa tulun da ke cike, na ƙwanƙwasa wanda ba komai, ƙara ɗaya suka yi. Na ce mata, Madam, a kasuwarmu wanda ya sayar da irin wannan kaya jandarma ke raka shi gida. Ta yi dariya ta nuna mini wata ƴar allura a jikin agogo, wai ita ce shaida.

Akwai iska ta biyu da suke nema, gaz karbonik, irin wadda ke fita daga bakinmu da salansar mota. In sun samu su biyun sai su haɗa su a cikin wata tukunyar ƙarfe mai zafi, bisa wasu ƴan ƙwayoyi baƙaƙe da aka zo da su daga ƙasar waje. Wallahi da ka gan su ka ce kashin awaki ne. Daga nan sai wani ruwa ya riƙa ɗigowa, mai kama wuta, sunansa metanol. Man ke nan.

To ina za su samo iska ta biyun? Nan ilimin ya sauko ƙasa: kashin shanu. Sun gina rami na siminti mai rufi. A zuba ɗanyen kashi a dama da ruwa, ya ruɓe, ya yi gyatsa. Gyatsar iri biyu ce, ɗaya tana kama wuta suna zafafa tukunyar da ita, ɗayar ita ce abin nema. Busasshe ba ya yi musu. Sai na safiyar ranar, amalanke uku kullum.

A nan ƙanenka ya shigo. Ranar da suka tara gari a ƙofar maigari, Madam ta yi bayani na rabin awa, dattawa suna gyaɗa kai irin na wanda ake yi wa wa'azi da Larabci. Na miƙe na juya maganar da Hausar kasuwa, nan take aka gane. Karatuna da ya tsaya a aji biyu na kolej, wanda kake cewa bai tsinana komai ba, ga ranarsa. Suka ɗauke ni mai magana da jama'a, har da riga mai tambarin furoje, haka ake kiran aikin nasu. Abin da ya fi, sun yi mini alkawarin in man ya fara zuba ni ne farkon mai sayar da shi a Tasawa. Ka san tun da esansin Najeriya ya yi tsada bido, jarkar mai, ba ya ƙetarowa kamar da, wata ran kwalabena a bushe suke wuni.

Sai wani ɗan ƙaramin abu, kada ka ji a bakin wani. Khalid ɗan marigayi Agali ya sauko da shanunsa bayan girbi kamar kowace shekara, har ya kafa turakunsa a kusurwar arewa ta gonarmu ta gandu. Furoje kuwa na neman garken da zai riƙa kwana kusa da ramin. Na je wurinsa da shayi da sukari, kwana uku ina zuwa. Ya ce mahaifinsa da Babanmu suka ƙulla wannan abu, shanu su ci kara su bar taki, kuma shi tun yana goye yake kwana a gonar nan. Na ce gaskiya ne. Na kuma tambaye shi ko bijiminsa bai gaji da jan guga daga hantsi zuwa azahar ba, ga foraj sai dai a murɗa. Na ce masa kashin in ya gama aikinsa a rami yana fitowa taki wanda ya fi na da ƙarfi, kuma gonarmu za a kai shi. Madam ce ta faɗi haka, ba ni na ƙirƙira ba. Sai ya tambaye ni ko Sanda ya sani. Na ce ni da Sanda bakinmu ɗaya. Ya ce to, tunda ɗan gidan ne ya tashe shi. Washegari ya tuge turakun.

Kada ka sa komai a ranka. Kafin shuka gonar za ta sha takin da ba ta taɓa gani ba, kuma in ka dawo gida gaba ɗaya bayan kaka yadda ka ƙudura, za ka tarar da rumbu cike da ƙane mai gidan mai.

Ka gaida maigidan da kake wa aiki. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Rabilu


Tasawa, 14 ga Afirilu

Yaya Sanda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan zafin bana bai takura maka ba. Nan ma muna shan namu. Inna lafiya, Rahina da yara lafiya.

Amsarka ta iso tun Janairu. Layi huɗu na ƙirga, uku gaisuwa, na huɗun kuma kana tambaya ko takin ya isa gona. Zan zo kan wannan. Bari dai ka fara jin abin da nake fama da shi, don kada ka zaci a inuwa nake kwance.

Da farko rumbun rana ya yi yoyo. Wata safiya Madam ta duba allura ta ga tulu biyu wayam. Kulle yana nan, shinge yana nan, ba sawun kowa. Mutanen gari suka ce mai gadi ne ya sayar. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa, yana cewa ko ya so sata a me zai zuba? Madam ta kwaɓa ruwan sabulu ta bi bututu gaɓa-gaɓa tana shafawa, kamar mai neman hujin taya, har ta ga inda kumfa ke tashi. Wai iskar nan ta fi kowace iska ƙanƙanta, inda ruwa ba ya bi ita sai ta bi. Hasken rana na wata guda da ƴan kwanaki da aka tara ya koma inda ya fito, ko sallama babu.

Na biyu, injin da ke matse iskar ba ya son zafi. Da rana ta take sai ya yi ƙara ya kashe kansa, sai la'asar ya farfaɗo. Ka ji fa. An kawo shi don rana, shi kuma tsoron rana yake. Yanzu mun yi masa rumfar zana, ni na ba da shawarar, kuma ta yi amfani fiye da takardun da suka zo da shi.

Duk da haka man ya ɗigo, ba zan yi musu ƙarya ba. A rana mai kyau lita biyu. Wancan watan manya suka zo daga Yamai cikin motoci biyar. Aka zuba man a wani ƙaramin gurup, janareta, da aka gyara don shi, aka tayar, ƙwan lantarki ɗaya ya kama da tsakar rana, aka yi tafi. Ni na fassara wa jama'a jawabin, na ƙara masa gishiri inda ya yi lami. Ina magana ina lissafin man da motocin biyar suka sha daga Yamai zuwa nan, na ga injinmu sai ya shekara bai biya su ba. Wannan ban fassara ba.

Da suka tafi na kawo kwalabena a cika mini. Madam ta riƙe baki. Ta ce kada in kuskura in zuba shi a kwalbar lemo, fari ne tas kamar ruwan randa, kuma guba ne, wanda ya kurɓa zai makance ko ya mutu. Na ce to in sayar wa ƴan kabu-kabu daga bido. Ta ce a'a, in aka zuba shi zalla a babur yana cin roba, sai an sake wasu kaya a injin. Bon. Man da ba ya shiga kwalba, ba ya shiga babur, ni ne farkon dillalinsa a duk Tasawa. Abokan sana'a suna kirana Alhaji Mai Iska. In na wuce sai wani ya ɗaga kwalba wayam ya ce in cika masa ta dala ashirin.

Yanzu maganar taki. Yana nan, Yaya, da yawa ma. Sai dai abu biyu. Na farko, takardar furoje da na sa wa hannu ranar da suka ɗauke ni ta ce takin wata shida na farko na filin gwajinsu ne, za su auna su rubuta. Shafi bakwai ce da Faransanci. Na karanta na farko, inda sunana yake, na duba na ƙarshe, inda zan sa hannu. Ni da ba a taɓa sayar mini da buhun da ban zura hannu har ƙasansa ba. Na je na yi mata magana da zafi. Ba ta musa ba, ta ce ta zaci na karanta, kuma ta ba ni izinin in kwashi abin da ya tumbatsa daga ramin.

Abu na biyun shi ya fi. Takin ruwa ne. Kunu ne tsululu, mai wari. Saniya tana kai nata taki gona da ƙafarta, ta ajiye inda ake so, Khalid ya matsar da turaku bayan kwana huɗu, a hankali har a gama gona. Wannan kuwa sai an ɗauke shi. Na ɗora ganga biyu a amalanken gida. Daga faƙon zuwa gonarmu ka san rairayin da ke tsakani, sawu ɗaya jakin yake iyawa a wuni. In na tuntsurar da gangunan, ƙasa ta shanye kafin in miƙe, sai ɗan baƙin wuri kamar faɗin tabarma biyu. Na yi sawu goma sha huɗu. A na sha biyar bayan jakin ya sale, Rahina ta zo ta kwance shi da hannunta. Ta ce da shi take ɗebo ruwan gida, in ya mutu ko furoje za ta ɗaura wa amalanken? Tana da gaskiya.

Inna ba ta taɓa ta da zancen ba. Duk ranar da na shiga gaishe ta, sai ta amsa, ta tambayi kasuwa, sannan ta ce, Madam ta tashi lafiya? Na fi son ta zage ni.

Saura wata biyu ruwa ya sauka. Zan nemi wani jakin. Ka yi mini addu'a, ka rage fushi.

Naka,
Rabilu


Gida, 22 ga Yuli

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, sai gajiyar noma. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna duk kanta ne, alƙalamin ba ya zama.

Ka ga na rubuta gida, ba Tasawa ba. Na rufe teburin esansi na dawo na ɗauki hauya. Rabona da ita tun Baba na da rai.

Injin ya mutu tun ƙarshen Mayu. Ƙwayoyin nan baƙaƙe na cikin tukunya su suka lalace. Wai a gyatsar kashin akwai wani wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, shi ne makashinsu. Akwai matacin da ke tare shi, ya cika ba a lura ba. Na tambayi Madam, duk masu ilimin da suka zana injin nan babu wanda ya taɓa tsayawa bayan saniya? Ba ta yi dariya ba, idonta ya yi ja. Ita ma shekara uku ta zuba a aikin nan. Sababbin ƙwayoyi sai daga waje, kuma ka san yadda hanyar kaya take yanzu, sai an zagayo.

Da injin ya tsaya suka daina karɓar kashi. Madam ta bar wa Khalid foraj a buɗe mako biyu bisa raɗin kanta, sannan takarda ta zo daga ofishinsu cewa ruwan na aikin gwaji ne, a rufe. Lokacin kuwa ka san shi, ƙarshen rani, shanu ƙashi da fata, ruwa bai sauka ba. Layinsa na rijiyar gari ya riga ya bar wa wasu tun Disamba. Ya aiko a kira ni. Ina Tasawa ranar, na ce gobe. Da na zo goben ya tashi.

Malam Isufu, maƙwabcinmu na gabas, shi ya buɗe masa rijiyar garkarsa, ya kuma sauke masa karan da ya ɓoye bisa itace. Shekara nawa mutumin nan yana kallon shanun Khalid a gonarmu yana haɗiyar yawu? Bai roƙa ba, bai yi dillanci ba, ruwa kawai ya bayar. Khalid ya kwana mako uku a gonarsa, ta gefen iyakarmu, kafin ya yi arewa.

Yanzu in ka tsaya a kan iyakar ba ka bukatar a nuna maka ita. Geron Isufu ya yi baƙi-ƙirin don kore, ya kai ƙugu. Namu rawaya, iya gwiwa, ganyen sirara. In ban da wasu ƴan wurare goma sha huɗu da suka yi tsiri a tsakiyar gona, kore shar, kowanne faɗin tabarma biyu. Madam ba ta yi ƙarya ba, takin yana da kyau. Masu wucewa kan tsaya su nuna su da baki. Ƙuduji kuma ya fito a kusurwar arewa, inda ban taɓa ganinsa ba tun tasowata. Ina tugewa yana fitowa.

Abin da ya fi ci mini rai, damina ta yi kyau. Ruwa yana zuwa a kan kari, ba fari, ba tsutsa. Da ma fari aka yi, da na ɓuya cikin jama'a.

Na samo ɗan takin zamani a Mayahi, muka bi gindi-gindi da ɗan yatsa uku ni da Rahina, bai kai rubu'in gonar ba. Za mu yi maimai jibi. Abin da Allah ya ba mu za ka ji.

Inna ta ce in gaishe ka, ta ce kuma ka riƙa cin abinci.

Rabilu


Tasawa, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga yayana Sanda,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin lafiya da rufin asiri. Inna, Rahina da yara suna gaishe ka. Kowa lafiya.

Mun gama girbi. Dami talatin da huɗu. Bara, da hannunka ka ɗaure na tasa'in da ɗaya. Zangarniyar bana wata ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Da muka zuba a rumbu na leƙa ta sama, sai da na zura kai da kafaɗa kafin in ga hatsin. Rahina ta yi nata lissafin, ta ce in an riƙa haɗawa da wake za mu kai farkon zafi. Daga nan har sabon gero sai awo a kasuwa, baki tara.

Na san abin da wannan yake nufi, kai ma ka sani. Ka ce bana ce shekararka ta ƙarshe a ɗaukar bulo, bayanka ya gaji. Rahina ta yi wa ɗakinka sabon yaɓe tun kafin damina, ta sake zanar bayan gida. Shekaranjiya na ga ta mayar da tabarmarka bisa rataya.  Na sake buɗe teburina, zai ɗauki abin da zai iya, na kuma sayar da babur ɗina na sayi buhu biyu tun hatsi na da araha, suna ɗakin Inna. Amma ba zan yi maka zaƙin baki ba, ba za su isa ba sai da abin da kake aikowa.

Yaya, ni na yi. Ba Madam ba ce, ba injin ba ne. Ka bar mini gona da amana, na ɗauki abin da Baba ya ƙulla tun ba a haife ni ba na yi ciniki da shi, na kuma sa bakinka a cinikin ba ka sani ba. Na saba in sayar wa baƙo abu ya tafi, ba mu sake haɗuwa. Wannan karon wanda na yi wa dillancin a gidanmu yake cin tuwo.

Khalid ya sauko daga arewa makon jiya. Na je. Turakunsa suna gonar Isufu, daga inda muka zauna ina hango karan gonarmu a tsaye ba mai ci. Ya karɓe ni da mutunci, ya shimfiɗa mini buzu, ya dafa shayi har zagaye uku, ya tambayi Inna, ya tambaye ka. Na yi magana, ka san ni, na yi ta sosai. Ya bari na gama. Sannan ya ce shi bai bar gonar Baba ba, ɗan gidan ne ya tashe shi, kuma ranar da maruƙansa biyu suka faɗi don ƙishirwa Isufu ne ya miƙo guga. Ya ce mutum ba ya shan ruwan wani a rani ya kai taki gonar wani da kaka. Na ce ko rabin garken ne. Ya gyara rawaninsa ya ce saniya ba ta san rabi ba, inda uwar garke ta kwanta nan suke kwanciya. Da zan tashi ya ce in Sanda ya zo da ƙafarsa zai saurare shi, amma ba bana ba, kuma bai yi alkawari ba. Na lura bai ce in kun zo ba.

To ka ji inda muke. Kai kaɗai zai saurara, kai kuma ba ka da halin zuwa, saboda abin da na yi. Na juya maganar nan ta kowane gefe ban ga bakin zarenta ba. Abin da nake iyawa shi ne in riƙa bin turken awakin gida da bolar gari ina tara abin da ya samu, ina kai wa gonar a kwando. Na fara. Masu kirana Alhaji Mai Iska sun sake mini suna, ba zan rubuta shi a takarda ba.

Jiya da hantsi ina tsaye a teburina sai ga motar furoje. Madam Nabila ce, fuskarta kamar ranar salla. Ƙwayoyin sun iso. An sa sabon mataci, an ɗaure bututun da ke yoyo, tulu shida cike da rana, allura tana tsaye ƙyam. Ta ce bana za su kai lita biyar a wuni, kuma ta sa an gyara takardar, takin duk na manomi ne daga ranar farko. Na tambaye ta ko takardar ta zo da motar ɗaukarsa. Ta ce wannan yana cikin kasafin baɗi. Ta tambayi gonarmu, na faɗa mata, ta ce Allah ya mayar da alheri, kuma na ga har ranta ta faɗa.

Sannan ta zo kan abin da ya kawo ta. Ramin a bushe yake. Suna bukatar amalanke uku na ɗanyen kashi kowace safiya, daga watan gobe, kuma duk ƙasar nan ba ta ga mai bakin da makiyayi ke saurara kamar ni ba. Ta ce in yi tunani in ba ta amsa ranar kasuwa.

Ka gaida abokan aikinka. Ka yafe mini in za ka iya, in ba yanzu ba ko nan gaba. Allah ya ƙara maka lafiyar baya, ya dawo mana da kai.

Ni dai na zauna na lissafa garkunan da na sani daga Urafane har Mayahi, ban samu saniya ɗaya da ke kwana a sama ba, kowacce a gonar wani take kwana. To Yaya, kai ne babba: gonar wa zan nuna musu?

Ƙanenka,
Rabilu